Labarin Bayajida: Inda Ya Samo Tushe da Abin da Ya Hana Shi Mutuwa

Da wuya a sami ɗan makaranta a ƙasar Hausa wanda bai taɓa jin labarin Bayajida ba. Ana karanta shi a aji, ana tambayarsa a jarrabawa, kuma baƙon da ya sauka Daura akan kai shi ya ga rijiyar Kusugu. Amma duk da wannan shahara, masu ilmi sun rabu biyu a kansa. Waɗansu sun ɗauke shi tarihi tsantsa, suna neman shekarar da abin ya auku da hanyar da baƙon ya biyo. Waɗansu kuwa sun ce tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba. Dukansu biyu tambaya ɗaya su ke yi, watau ko abin ya faru ko bai faru ba. Akwai tambayoyin da suka fi wannan amfani: da me aka gina labarin, wa ya bukace shi, kuma wane aiki ya ke yi har ya kawo yau? Malamin da zai tsaya gaban ɗalibai lalle ne ya san amsar da zai ba su, domin a cikin ajin nan akwai Bakabe da Bazamfare da Banufe, waɗanda labarin ya jefa kakanninsu cikin Banza Bakwai.

Gundarin labarin

Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Bayajida, ko Abuyazidu, ɗan Sarkin Bagadaza ne. Ya bar gida ya zo Barno, Mai ya aurar masa da 'yarsa Magira. Da zama ya ɓaci sai ya gudu yamma da matarsa, ya bar ta a Garun Gabas kusa da Haɗeja, ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ba a samun ruwa sai ran Juma'a, saboda wani maciji da a ke kira Sarki ya tsare rijiya. Ya tafi ya kashe macijin, ya yanke kansa ya ɓoye. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Mutane da dama suka ce su ne, amma aka rasa mai kawo kai sai baƙon. Ya ce ba ya son rabin gari, ita ya ke so da aure. Ta ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya ita ma ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura da Kano da Rano da Zazzau da Katsina da Gobir. Da Biram suka cika Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka ce su ne Banza Bakwai: Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Yarbawa da Kwararrafa.

Tun farko ya kamata a lura Bahaushe bai sa wannan labari cikin tatsuniyoyi ba. Tatsuniya da dare a ke yin ta, ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe ta da "ƙurunƙus", kuma mai yi da mai saurare duk sun san ƙage ce. Labarin Bayajida da rana a ke ba da shi, a fada, dattawa da maroƙa ke riƙe da shi, yana ambaton garuruwan da a ke iya zuwa a gani. Irinsa ne manazarta adabin baka suka sa wa suna tarihihi, watau abin da ya yi kama da tarihi amma bai cika tarihi ba. Wanda ya kira shi tatsuniya ya rushe bambancin da masu harshen suka yi da kansu.

Ra'ayin Palmer da rauninsa

H. R. Palmer, wanda ya buga ruwayar Daura a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, shi ne jigon masu neman tarihi a cikin labarin. Ya danganta Bayajida da Abu Yazid, wani Bahawarije ɗan kabilar Zanata a ƙasar Magrib, wanda a ke wa laƙabi da Mai Jaki. Wannan mutum ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye, aka ci shi da yaƙi, ya mutu a 947. A ganin Palmer da waɗanda suka bi sawunsa, mabiyansa ne suka ƙetaro hamada suka kafa sarauta a ƙasar Hausa. W. K. R. Hallam ya sake duba wannan magana a 1966, bai kuwa yi nisa da ita ba.

Ta fuskar sauti, sunan bai ƙi ba. Hausa takan yar da wasalin farko na sunan aro, kamar yadda Abubakar ya kan koma Bubakar. Juyewar z zuwa j a gaban wasalin i sananniyar ƙa'ida ce, kamar kaza da kaji, ko maza da miji. Hausa kuma ba ta son kalma ta ƙare da baƙi. Saboda haka Abu Yazid zai iya zama Bayajida a bakin Bahaushe ba tare da an matsa masa ba. Amma fa tafiyar suna dabam, tafiyar mai suna dabam. Suna yakan biyo ayari, ko littafi, ko bakin malami. Abu Yazid na tarihi ba ɗan sarki ba ne, ba mutumin Bagadaza ba ne, kuma a Magrib ya mutu.

Babban raunin wannan ra'ayi shi ne tushen da ya tsaya a kai. A zamanin Palmer Turawa da yawa sun yi imani cewa duk wata sarauta ko wayewa da aka tarar a Afirka baƙi ne masu hasken fata suka kawo ta daga arewa ko gabas, kamar yadda C. G. Seligman ya shimfiɗa a Races of Africa a 1930. Mai wannan imani in ya ji labarin baƙo daga Bagadaza, ya sami abin da ya fito nema. Ilmin harsuna bai goyi bayansa ba. Aikin Joseph Greenberg, wanda ya kammalu a littafinsa na 1963, da na Paul Newman da Roxana Ma na 1966, sun tabbatar Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi, 'yan'uwanta na kusa su ne irin su Bolanci da Angasanci da Ngizimanci da Badanci. Haƙiƙa akwai dangantaka tsakanin wannan iyali da Larabci, amma rabuwarsu ta riga kafa birnin Bagadaza, wanda aka yi a 762, da dubban shekaru. Abdullahi Smith ya nuna a 1970 cewa sarautun Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, bisa noma da ƙira da kasuwa da wuraren tsafi.

Labarin da kansa ma bai faɗi abin da a ke ɗora masa ba. Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da harshe. Ba asalin Hausawa ya ke bayani ba, asalin gidajen sarauta ya ke bayani.

Kayan da aka gina labarin da su

Ruwa ba ya tsami banza. In aka warware labarin za a ga kayan gini huɗu, ko wanne da inda ya fito.

Na farko shi ne wuri da al'adar da ke bukatar bayani. Rijiyar tana nan. Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun yarda iskoki na zaune a rijiyoyi da duwatsu da itatuwa, ana kiyaye musu dokoki. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya fara ne da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, sa'an nan Bagauda ya zo. A Daura kuma jerin sarakuna ya fara da mata, har yau kuwa sarautar Magajiya tana nan. Jama'ar da ta gaji rijiya mai tarihi, ta kuma tuna cewa dā mata ke mulki yanzu maza, dole ta tambayi yadda aka yi. Canjin da ya ɗauki zamani mai tsawo ba ya zama a ƙwaƙwalwa sai an dunƙule shi ya koma aikin mutum ɗaya a dare ɗaya.

Na biyu shi ne sunaye. Mutane in sun gaji sunan da ba su san ma'anarsa ba sukan saurare shi har su ji wata magana a ciki, sa'an nan su ƙago dalilin da ya sa aka yi maganar. Ana iya kiran wannan fassarar kunne. An ce Bayajida daga "ba ya ji dā" ne, domin bai san harshen gari ba. Amma sau da yawa da shadda a ke furta sunan, Bayajidda, jimlar kuwa ba ta ba da shaddar nan. An ce kalmar sarki gutsure ce daga Makas-Sarki, laƙabin wanda ya kashe macijin. Ginin laƙabin Hausa ne sosai, irin na maci-amana da magatakarda. Sai dai kalmar sarki tana da dangi masu zurfi a harshen: sarauta, sarauniya, sarakuna, masarauta. Ya fi sauƙi a ce an kira macijin Sarki ne domin kalmar ta riga ta samu, shi kuwa ya mallake rijiya. Karɓagari da Bawo kuma ba sunaye ba ne kawai, cacar baki ce ta kishiyoyi: ƙwarƙwara ta ce ɗanta ya karɓe gari, uwargida ta ce a bawo shi. A nan ba a san ko suna ne ya haifi labari ko labari ne ya haifi suna ba, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa.

Na uku shi ne ƙirar aro. Jarumin da ya kashe dodon da ya tsare ruwa, maƙaryata suka yi da'awar aikin, ya fito da shaida ya auri 'yar sarauta, labari ne da ya zaga duniya; a jerin tatsuniyoyi na Aarne da Thompson shi ne mai lamba 300. A Afirka ta Yamma ma yana da 'yan'uwa. Abdurrahman al-Sa'adi na Tambutu ya kawo a Tarikh al-Sudan, a ƙarni na 17, cewa sarkin Songai na farko baƙo ne daga Yaman, ya tarar mutanen Kukiya suna bauta wa wani kifi, ya soke shi, suka naɗa shi sarki. Har sunansa ma an fassara shi da cewa ya zo daga Yaman. Sarakunan Barno na gidan Saifawa sun danganta kansu da Saif ɗan Zi Yazan na Yaman. Mutanen Bargu suna da Kisra. Samuel Johnson ya rubuta a tarihin Yarbawa, wanda aka buga a 1921, cewa Oduduwa daga Makka ya fito. Ba zai yiwu a ce ko wace masarauta ta sami nata ɗan sarkin gabas ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne, bayan Musulunci ya zama ma'aunin daraja, ko wane gidan sarauta ya so asalinsa ya fuskanci alƙibla. Alamar wannan shafe tana nan cikin labarin Daura: macijin zamanin jahiliyya ya san ranar Juma'a, alhali sunayen ranakun mako duk daga Larabci Hausa ta aro su.

Na huɗu shi ne bukatar masu mulki. Bronislaw Malinowski ya yi bayani a 1926 cewa irin waɗannan labarai tamkar takardar shaida su ke ga tsarin da a ke ciki. Labarin Bayajida yana faɗin wa ya girmi wa, wa ke ɗan uwargida, wa ke ɗan ƙwarƙwara. Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a tafiyarsa ta 1850 zuwa 1855, ya ji har rabon aiki aka yi wa 'ya'yan: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Wannan hoton tattalin arzikin ƙasar ne a zamanin da a ke ba da labarin, aka mai da shi wasiyyar kaka.

Ruwayar da ba a cika koyarwa ba

Hujja mafi ƙarfi cewa labarin yana bin bukata ita ce ruwayar Muhammadu Bello a Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta wajen 1812. A can babu ɗan Sarkin Bagadaza, babu maciji. Akwai Bawo, amma bawan Sarkin Barno ne, daga gare shi sarakunan Hausa suka fito. Gobirawa kaɗai aka keɓe, aka ce 'ya'ya ne, asalinsu Kibɗawan Masar. Suna ɗaya, kunne biyu: a Daura an ji "a bawo gari", a wancan gefe an ji "bawa". Ruwayoyin da suka cika da Bayajida da maciji ba su bayyana a ɗab'i ba sai farkon ƙarni na 20, a aikin E. J. Arnett na 1910 da na Palmer. Wannan ne ya sa Dierk Lange ya yi magana a 1987 a kan yadda labarin ya tashi daga Bawo ya koma Bayajida.

A nan ma sai an yi hattara. Rashin abu a takarda ba ya nuna rashinsa a baki. Bello ya rubuta ne bayan jihadin 1804, sa'ad da aka tumɓuke sarakunan Haɓe, a na kuma jayayya da Barno. Ruwayar da ta mai da su zuriyar bawa ba ta saɓa wa bukatarsa ba. Haka kuma ruwayar da ta mai da su jikokin Sarkin Bagadaza ba ta saɓa wa tasu ba. Ba a ce ɗayansu ya zauna ya shirya ƙarya ba. Kowane gefe ya riƙe ruwayar da ta zauna masa daidai, ya bar ɗayar ta dushe.

Abin da ya hana shi mutuwa

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da labarin ƙarya ce kawai, da bai kai haka ba. Ya ɗore ne domin an ɗaure shi a turaku da yawa.

An ɗaure shi ga ƙasa: Kusugu da Gaya da Garun Gabas wurare ne da ido ke gani, gani kuwa ya kori ji. An ɗaure shi ga biki, domin a Daura ana tuna shi a Sallar Gani cikin watan Maulidi. An ɗaure shi ga sarautu, har waɗansu ruwayoyi suna bayyana matsayin Galadima da Ƙaura da yadda ko wannensu ya yi sa'ad da aka aike su duba macijin. An ɗaure shi ga gidan da ya bukace shi ƙwarai. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, gidan Haɓe ya watse ya kafa zama a Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawan Ingila suka komo da Malam Musa kan gadon Daura. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a The Affairs of Daura a 1978. Gidan da ya yi shekara ɗari ba ya birninsa, dukiyar da ba a iya ƙwace masa ita ce labarin asalinsa.

Har wa yau ginin labarin yana taimakon hadda. Baƙo da dare, tsohuwa, ƙishirwa, maciji, maƙaryata, aure, kishi: ko wane mataki yana jawo na gaba, ba kuwa wanda Bahaushe bai san irinsa a gidansu ba. Adadin bakwai da bakwai shi ma ƙugiya ce. Adadin ne ke mulkin jerin, ba jerin ke mulkin adadin ba. Shi ya sa Biram da Rano, waɗanda ba su yi ƙarfin sauran ba, suka sami shiga, alhali Kabi da Zamfara, masu magana da Hausa, suka faɗa ɗaya gefen, ko da ya ke Kanta na Kabi ya gagari Askiya na Songai a ƙarni na 16. Jerin Banza Bakwai ma bai tsaya wuri ɗaya ba, wani marubuci ya sa wannan ƙasa, wani ya cire ta.

Amma babban sirrin ɗorewar tarihihi shi ne sauyawa. Jack Goody da Ian Watt sun kawo misali a 1963 daga Gwanja a arewacin Gana. A farkon ƙarni na 20 an rubuta cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da gundumomi bakwai na lokacin. Bayan kimanin shekara 60, gundumomi biyu sun shuɗe, aka sake tambaya, sai aka ce 'ya'yansa biyar ne. Labarin baka yakan gyara kansa ya dace da yau, masu ba da shi ba su ma lura ba.

Ɗab'i ya kawo sabon hali. Tun da littattafan makaranta suka ɗauki ruwaya ɗaya, ita ce ta zama ta jarrabawa, daga nan ta shiga rediyo da fim da Facebook. Wannan ya ƙara mata rai, amma ya daskarar da ita. Jerin da dā ya ke motsi ya zama abin haddacewa, kalmar banza kuwa, wadda ta fito daga mahangar fada ɗaya a zamani ɗaya, ta koma kamar hukuncin ilmi a kan al'ummai masu tarihin kansu.

Abin da ya rage ga malami

Malamin da ya koyar da labarin a matsayin tarihi tsantsa ya ba ɗalibai ra'ayin Palmer ba tare da sun sani ba, ya kuma koya wa waɗansunsu raina asalinsu. Wanda ya jefar da shi ya jefar da shaida mai daraja a kan addinin dā, da sarautar mata, da dangantakar Hausa da Barno, da yadda Musulunci ya sake wa mutane tunanin asali. Hanya ta uku ta fi wuya amma ta fi riba. A ajiye ruwayar Daura kusa da ta Bello, kusa da farkon Tarihin Kano, kusa da labarin kifin Kukiya. A sa ɗalibai su tambayi ko wace ruwaya wa ya ba da ita, a gaban wa, a wane zamani, kuma me ya ƙaru da shi. A sa su gwada fassarar sunayen da ƙa'idodin sauti da na ginin kalma. A lokacin hutu kuma a aike su wurin dattawan garuruwansu, a Argungu da Anka da Maraɗi da Tsibiri da Bida, su rubuto yadda a ke ba da labarin asali a can, da kalmomin mai bayarwa, kafin ruwayar littafi ta shafe sauran.